Kunun jariri na gida: me ake haɗawa, kuma wane kauri ya dace?

Sabuwar Uwa, unguwar Zariya

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ɗiyata za ta cika wata shida ƙarshen watan nan, kuma tun haihuwa nono kaɗai take sha. A wurin awo an ce lokacin fara abinci ya yi. Garin gwangwani na farmasi ya fi ƙarfin aljihunmu in dai kowane mako za a saya, ga shi kuwa muna da hatsi da wake da gujiya a ɗaka. Uwar mijina ta ce in riƙa tsiyayo mata ruwan kokon da muke sha da safe, a ɗan sa sukari, ya wadatar. Maƙwabciyata kuma ta ce in haɗa hatsi da waken suya da gujiya da dabino da busasshen kifi in kai inji gaba ɗaya. Na rasa ta wa zan kama. Don Allah me ake haɗawa, nawa-nawa, yaya ake damawa, sau nawa a yini? Kuma garin kwana nawa yake yi bai lalace ba a zafin nan namu? Ba mu da firigo.

Malamar Awo

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya mana ita. Kafin komai, kada ki rage mata nono don an fara abinci. Nono yana nan har shekara 2, abincin ƙari ne a kansa, kuma a makonnin farko ki fara ba ta nonon sannan kunun.

Maganar ruwan koko, da girmamawa ga uwar mijinki, nan ne gizo ke saƙar. Cikin yarinya mai wata shida abin da yake ɗauka a zama ɗaya bai wuce mililita 200 ba sai kaɗan. Tsararon koko irin wanda manya ke kurɓa kusan duk ruwa ne, da wuya mililita 100 ta ba da kalori 40, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Nonon uwa kuwa mililita 100 tana ba da kusan 65 zuwa 70. Kin ga ke nan in kika cika mata ciki da tsararo, kin cire abu mai ƙarfi kin sa mai rauni a madadinsa. Yarinya za ta ƙoshi ta yi barci, kowa ya ce tana ci, amma a je awo wata biyu a jere sikeli bai motsa ba. Sau da yawa tamowar da ke kama yara tsakanin wata 6 da shekara 2 ta wannan hanya take shigowa, a gidajen da rumbu ke cike ma.

Gwajin kauri ba ya buƙatar komai sai cokali. Ɗebo kunun ki karkata cokalin. In ya kwarara nan take, ya yi ruwa. In ya tsaya ya sauko a hankali, gudaji-gudaji masu laushi, to shi ne. Da cokali ake ba shi, ba a zuba shi a bibiron ba. Duk kunun da zai iya bi ta ramin bibiron bai kai kaurin da ake so ba, ga wahalar wanki, ga zawo.

Yawan abin: kwanakin farko cokalin cin abinci 2 zuwa 3, sau biyu a yini. A riƙa ƙarawa sannu har ta kai rabin kofi mai mililita 250, sau 2 zuwa 3 a yini, daga wata 6 zuwa 8. Daga wata 9 zuwa 11, rabin kofi sau 3 zuwa 4, da ɗan abin taɓawa tsakani kamar ayaba ko mangwaro nunanne. In ta shekara, kashi uku cikin huɗu na kofin har zuwa cike, kuma a lokacin ta shiga tukunyar gida. Abin da ake so ta samu daga abinci, ban da nono, kusan kalori 200 ne a yini a zangon farko, 300 a na biyu, 550 bayan shekara.

Hatsi shi kaɗai ƙarfi yake bayarwa, ba ya gina jiki yadda ya kamata. Shi ya sa ake haɗa shi da dangin wake, abin da wannan ya rasa wancan yana da shi. Haɗin garin kuwa na bar wa waɗanda hannunsu ya fi nawa faɗawa a turmi.

Inna ta Bagalam

Ɗiyata, sannu da reno. Ga yadda ake yi, ki bi shi daki-daki, don a gaggawa ake ɓata shi.

Ma'auni ɗaya za ki riƙe, ƙaramin gwangwanin madara ya isa. Hatsi gwangwani 6, waken suya 2, gujiya 1. Wannan zai ba ki gari kusan kilo ɗaya, daidai abin da yarinya mai fara ci za ta ƙarar a mako biyu. Kada ki ce bari in yi tiya guda in huta. Gujiya mai ce, kuma mai in ya kwana biyu cikin gari a zafin bazara sai ya canza wari, ya yi maƙaƙi, yarinya ta ƙi shi ki ce ƙyuya ce.

Hatsin a yi masa surfe sama-sama, ba irin na fura da ake cuɗewa har ya yi fari tas ba, don akwai amfani a bayansa. A wanke, a rege tsakuwa, a shanya a kan tabarma mai tsabta nesa da kaji har ya bushe ƙayau. Sannan a soya shi a busasshiyar tukunya, wuta kaɗan, ana juyawa ba tsayawa, har ƙamshi ya tashi launin ya ɗan juya. In ya yi baƙi ya ƙone, zai yi ɗaci.

Waken suya shi ne mai aiki, kuma shi ne mutane suka fi yi wa ha'inci. Ɗanyensa yana da abin da ke hana ciki narkar da abinci, shi ke kawo kumburi da zawo, kuma zafin wuta ne ke kashe shi. A tsince, a jiƙa da dare, da safe a murje ɓawon a cikin ruwa ya taso a tsiyaye. A tafasa minti 20 zuwa 30, a tsane, a shanya yini biyu. Bayan nan a soya har ya yi ruwan ƙasa-ƙasa. Ki tauna ƙwara ɗaya: in kin ji gafi bai yi ba, mayar da shi wuta. In babu waken suya, wakenmu na gida ya yi, a cire masa ɓawo kamar za a yi ƙosai, a shanya, a soya, amma a sa gwangwani 3 maimakon 2.

Gujiya a soya ta daban, a murje jan ɓawon a fece. Kowanne daban ake soyawa, don lokacin da hatsi zai yi, wake bai ko ji wuta ba.

Sai inji. Ki je wurin mai niƙan busasshe, da sassafe kafin a zuba barkono ko ƙullun ƙosai. Ki tafi da ɗan hatsi tafi guda a fara zubawa ya share bakin injin, wannan na tuwon gida ne. A cuɗa ukun sosai kafin a zuba, in gujiya ta taru wuri ɗaya sai ta liƙe a injin. In kin dawo gari da zafinsa yake, kada ki rufe. Baza shi a faranti, rufa da mayafi mai shara-shara, ya huce sarai, in ba haka ba zai yi gumi a cikin roba ya dunƙule ya yi hunhuna. Tankaɗe da rariya mai laushi, zuba a kwalba ko roba mai murfi wadda ta bushe, ajiye a inuwa. Cokali mai lema kada ya shiga ciki.

Dabino da kifi kuwa, maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ba cewa suna da amfani, amma ba a cikin garin ba. Dabino yana jan danshi, yana kiran tururuwa. Kifi yana sa gari ya yi ƙarni cikin kwanaki kaɗan. Ki gasa busasshen kifin, cire ƙaya da kai, daka shi ya yi laushi, tankaɗe, ajiye a ƴar kwalbarsa daban, na mako ɗaya kawai.

Damu: gari ma'auni 1, ruwa 3 zuwa 4. A dama da ruwan sanyi tukuna don kada ya yi gudaji, sannan a ɗora a wuta ana juyawa, in ya tafasa a bar shi minti 5 zuwa 10. Wannan ba koko ba ne da ake sheƙa wa tafasasshen ruwa a ce ya nuna. Na yaro a kan wuta yake dahuwa. In an sauke a sa ƙaramin cokali ɗaya na man gujiya ko man shanu. Gishiri, magi, yaji, kanwa, duk babu.

Baban Yara, Jiratawa

Gaisuwa ga iyaye mata. Inna ta gama magana a kan haɗi, ni abin da zan ƙara daga ɓangaren amfanin gona ne, tun kafin ya shiga turmi.

Gujiya sai an yi hattara. Wadda ta sha danshi a gona ko a buhu tana kamuwa da wata hunhuna mai fitar da guba da ake kira afalatoksin. Gubar tana taɓa hanta, ana kuma danganta ta da tsumburewar yara, kuma suya ba ta kashe ta, tafasa ma haka. Maganinta tsinta da hannu, ƙwara-ƙwara. Duk wadda ta motse, ta fashe, ƙwaro ya huda, ko launinta ya juya zuwa baƙi ko kore-kore, a fitar. Gwangwani ɗaya ne kacal, tsintarsa ba ta kai minti goma ba. Saboda haka ma ban so a daka ƙuliƙulin kasuwa ko a ɗebo tunkuzar da ba a san asalinta ba a zuba wa jariri, don sau da yawa gujiyar da ba ta sayuwa a tiya ita ake kai wa matsar mai. Masara ma tana kamuwa da irin wannan, hatsi ya fi ta tsira.

Wake kuma a tambayi yadda aka adana shi. Wanda aka barbaɗa wa maganin ƙwari ko aka jefa wa ƙwaya a buhu bai dace da cikin jariri ba. Wanda ya fito daga buhun PICS, wato mai ruɓi uku da iska ba ta shiga, ko daga bidon da aka toshe bakinsa, ba magani, shi ake nema. In kin buɗe kin ji warin magani, a bar shi.

Yanzu ga wata dabara da ba kowa ya sani ba, wadda ke warware matsalar da Malama ta kawo. Kunu in ya yi kauri yadda ake so, wasu yaran suna wahalar haɗiya, sai uwa ta ƙara ruwa, an koma gidan jiya. Garin tsiro yana sassauta kunu ba tare da an ƙara ko ɗigon ruwa ba. A jiƙa hatsi mai kyau rabin gwangwani kwana ɗaya. A tsane, a baza a faranti, a rufa da tsumma mai tsabta mai lema, ana yayyafa ruwa safe da yamma. Cikin kwana 2 zuwa 3 zai fito da tsiro. A shanya a rana ya bushe sosai, a murje tsiron da saiwar a fece su, a daka ƙwayar, a tankaɗe. Shi ba a soya shi, don wuta tana kashe sinadarin da ke yin aikin. In an ga hunhuna ko wari a lokacin tsirowa, a zubar a sake. Da hatsi za a yi, kada a yi da dawa, tsiron dawa yana da guba.

Yadda ake amfani da shi: a dama gari 1 da ruwa 2 kacal, a dafa. Zai yi tauri kamar za a tuƙa tuwo. A sauke, a jira minti biyu ko uku tururin ya lafa, sannan a barbaɗa garin tsiro abin da yatsu uku za su ɗauka, sau biyu ko uku, a juya. Kina kallo zai saki, ya narke ya koma mai laushi. A mayar da shi wuta ya yi tafasa ɗaya, don garin tsiron ɗanye ne. Kunun da aka yi haka cokali ɗayansa ya fi cokali biyu na tsararo. In bai saki ba, ɗayan biyu ne: ko an zuba shi kunun na kan tafasa, ko garin tsiron ya tsufa. Wannan kunun kam ba a sa masa gwajin cokalin Malama, don laushinsa ba na ruwa ba ne.

Zogale kuwa Allah ya hore mana shi a bakin Gulbi, rani da damina. A wanke ganyen, a shanya a ɗaka inda iska ke shiga, ba a rana ba, rana tana cinye amfaninsa. In ya bushe da korensa a daka a tankaɗe. Rabin ƙaramin cokali ya isa a fara, a zuba minti biyu kafin a sauke kunun. In aka cika shi yana ɗaci kuma yana sakin ciki.

Sabuwar Uwa, unguwar Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura kaɗan. In na dama da safe na zuba a termos, za ta iya sha har la'asar? Tunda ba a son sukari, zan iya sa zuma? Sannan ana cewa ƙwai yana hana yaro magana da wuri, wasu ma su ce yana koya masa ɗauke-ɗauke. Kuma in ta ƙi karɓa fa? Na ga ana yi wa yara ɗura.

Malamar Awo

Zuma a'a, ko laƙatar yatsa, sai ta cika shekara. Tana iya ɗaukar ƙwayar wata cuta da hanjin babba ke murƙushewa amma na jariri ba ya iyawa, kuma cutar shanye jiki take yi har numfashi. In zaƙi kike so, matsa ayaba ko ki jiƙa dabino ɗaya ki tace ruwansa mai kauri a kunun wannan zaman. Amma gara ta saba da ɗanɗanon abinci yadda yake.

Termos ma ba na ba da shawara. Kunu in ya sauka daga zafi ya koma ɗumi-ɗumi, ya zama gonar ƙwayoyin cuta, kuma termos ɗinmu da wuya ya riƙe zafin gaske yini guda. Ba firigo, ƙa'idar awa 2 ce. Abin da ta rage, ke ki shanye. Tunda garin soyayye ne, damun sabo bai wuce minti goma ba. Wanke hannu da sabulu, naki da nata, kuma kofinta da cokalinta su zama nata ita kaɗai. Daga wata shida za ta fara shan ruwa, kurɓi kaɗan bayan abinci, tafasasshe da ya huce, a kofi.

Ƙwai ba ya hana magana, ba ya koya sata. Yana cikin mafi arhar abin da zai gina ta. A dafa shi ya dahu har gwaiduwa, a murmushe a kunu, ko a fasa ɗanye a cikin kunun yana kan wuta a juya har ya dahu. Nan ma in ƙara wani abu da garin Inna, duk kyansa, ba ya cikawa: sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Ajiyar da jariri ke zuwa da ita daga ciki tana ƙarewa wajen wata shida, nono kuma kaɗan yake bayarwa, na cikin hatsi da wake jiki ba ya ɗaukarsa sosai. Shi ya sa ake son wani abu na dabba kowace rana: ƙwai, ko ƙaramin cokali na garin kifin nan, ko nama da aka dafa aka daka. Hanta ɗan yanki kamar girman yatsa, sau ɗaya ko biyu a mako, ta isa. Mangwaro, gwanda, lemu ko ɗan garin ƴaƴan kuka tare da abincin suna taimaka wa jiki ya ɗauki ƙarfen. Shayi kuwa hanawa yake yi, kada a saba mata da shi. Nonon akuya ko na saniya za a iya damawa da shi in an tafasa, amma ba ya maye gurbin naki.

Kada kuma ta zauna a kunu kaɗai. Kabewa, dankali mai jan ciki, karoti, duk a dafa a murƙushe da ɗan mai. Wajen wata takwas a bar tacewa, a bar ɗan tsaki-tsaki ta koyi tauna, tuwo mai laushi da miyar kuka da aka ɗiba kafin a sa yaji da magi. Sabon abu ɗaya-ɗaya ake shigarwa, a ba shi kwana 2 ko 3. In kin ga ƙuraje sun feso, ko amai, bayan ƙwai ko gujiya ko kifi, ki dakatar ki zo a duba. In fuska ko leɓe ya kumbura ko numfashi ya canza, likita nan take. Gujiya ƙwaya da aya kuwa ba na ƙananan yara ba ne, suna shaƙewa.

Ɗura kada ki yarda, ko wa ya ce. Yaro yana kuka an toshe hanci an zuba kunu, hanyar iska a buɗe take, kunun ya faɗa huhu, bayan kwana biyu ga zazzaɓi da ciwon haƙarƙari. Turo abinci da harshe a kwanakin farko ba ƙi ba ne, ba ta iya ba ne tukuna. Zaunar da ita a cinyarki tsaye, sa kaɗan a bakin cokali, ki jira ta buɗe baki da kanta. In ta kau da kai sau biyu sau uku, a bari sai anjima. Wani abincin sai an kawo shi sau takwas ko goma kafin ya karɓu.

Ki riƙa zuwa awo kowane wata, a can za a ba ta bitamin A na wata shida. Ki nemi a koya miki awon damtse da ɗan maɗaurin nan mai launi uku: kore lafiya, rawaya ƙasa da milimita 125, ja ƙasa da 115. Rawaya ko ja, ko kumburin ƙafa biyu, ba maganar gyara kunu ba ce kuma, a tafi likita.

Inna ta Bagalam

Malama, a kan abu ɗaya zan ɗan ja da ke. Lemu da garin kuka in aka zuba su a kunun da ke da nono yana kan wuta, tsinkewa yake yi. A bari ya huce, ko a ba ta su daban bayan ta ci.

Ke kuma ɗiyata, uwar mijinki kada ki ce mata kokonta ba shi da amfani. Ki kai mata waken suyan ki roƙe ta ta soya miki, ki ce hannunki bai faɗa ba. Tsofaffi sun fi ku sanin lokacin da gafi ya fita, kuma wadda ta soya garin da hannunta ba za ta tsinka shi da ruwa ba ranar da kika bar mata yarinyar. In damina ta shigo ki rage awon zuwa rabi, hatsi 3, waken suya 1, gujiya rabin gwangwani, don a danshin Agusta garin ba ya kai mako biyu.